Yadda Na Binne Muryar Kakan Babana a Ƙarƙashin Ƙarar Jita

Assalamu alaikum Edita, da duk mai karanta wannan shafi. Kuskuren da zan ba ku labarinsa bai kai faɗin farcen babban yatsa ba. Guntun salatif ne na gutsura da haƙori, na liƙa a kan wani ɗan rami, na danna jan maɓalli. Shi ke nan. Na yi ɓarna iri-iri a rayuwata waɗanda suka fi wannan ƙara da ƙura, amma duk an yi dariyarsu an wuce. Wannan ce kaɗai har yau babu wanda ya taɓa yi wa dariya a gidanmu.

A lokacin ina da shekara goma sha shida, muna zaune a unguwar Harra ta Gabas a nan Madina. A nan aka haife ni, a nan aka haifi mahaifina. Hausa ina jin ta sarai, amma in aka yi mini magana da ita, da Larabci nake amsawa, kamar sauran sa'o'ina. Duk layinmu an san ni. Idan gilashin tagar wani ya fashe, ba a tambayar wa ya fasa, sai dai a tambayi ina nake. Akwai maƙwabcinmu da ya rantse cewa kuliyoyin unguwa suna sauya hanya in sun hango ni. Duk da haka ban taɓa shan duka mai kyau ba, saboda Kaka, mahaifiyar Baba. Idonta ya yi rauni ƙwarai, inuwa kawai take gani, amma kunnenta na jin sautin zare bel tun daga hawa na biyu. Kafin Baba ya ɗaga hannu ta riga ta iso da sandarta, ni kuma na riga na shige bayanta ina yi wa yayana gwalo.

Abin da ya shiga kaina a shekarar shi ne kiɗan Turawan nan da ake kira rok, mai tsaurin ma, ba mai sanyi ba. Wani abokina ɗan Cadi ne ya koya mini. Wansa yana gyaran rediyo da talabijin a unguwar Al-Azizya, kuma a ƙarƙashin teburinsa yana ɓoye faya-fayan da ba a sayarwa a fili. Ga wanda bai taɓa jin irin kiɗan ba, ya ƙaddara maƙera biyar sun yi faɗa a cikin tankin ƙarfe, sannan aka taka wa wani mutum yatsa da mota ya fara ihu. Ni kuwa daɗinsa nake ji har cikin ɓargo. Ƙungiya ɗaya muka fi so, wasu dogaye masu gashi har gadon baya. Na haddace tarihinsu kamar za a yi mini jarrabawa a kai: wanda ya rera albam na farko, wanda ya yi fushi ya fita bayan na uku, mai gangar da aka kora sau biyu aka dawo da shi sau biyu, mai jitar da ya shigo da ƙanensa daga baya suka daina gaisawa. In ka tashe ni daga barci ka ce wa ya kaɗa jita a albam na biyar, zan faɗa maka ba tare da na buɗe ido ba. Har muka kafa tamu ƙungiyar a saman bene, da tukwane biyu na Umma da tsintsiya a matsayin jita. A wata ɗaya na kori mai ganga sau huɗu, don na ji haka manya suke yi.

Kaka tana da wani tsohon gwangwanin biskit a ƙarƙashin gadonta, cike da kaset. Masu karatu na gida sun san al'adar: kafin wayar hannu ta yawaita, dangi kan zauna gaban rikoda su yi gaisuwa, su faɗi wanda ya haihu da wanda ya rasu, a ba alhazai su kawo. A ganina duk kaset ɗin gwangwanin abu ɗaya ne a ciki: ina kwana, ina gajiya, ina wane, a aiko mana da dabino. Amma akwai ɗaya da ya bambanta. Muryar mahaifin Kaka ce, wanda ya taso daga ƙasar Hausa da ƙafa yana saurayi, ya yi shekaru a hanya kafin ya iso. Da ya tsufa, aka zaunar da shi gaban rikoda ya ba da labarin ayarinsu mutum ɗaya bayan ɗaya: sunan kowa, sunan ubansa, garinsu, inda ya shiga ayarin, inda ya tsaya, da inda aka binne shi in a hanya ya cika. Mutum ashirin da shida ne. Kuma a gidanmu, duk lokacin da aka yi haihuwa, ana gobe suna sai a taru a saka wannan kaset, a zaɓa wa jaririn suna daga cikin mutanen ayarin, don kada waɗanda suka kwanta a daji su rasa mai amsa sunansu a Madina. Na sha halartar zaman, amma ni hankalina yana kan farantin sambusa. Kaka ba ta taɓa yarda kaset ɗin ya fita daga ɗakinta a kwafe shi ba. In an yi maganar, sai ta ce mahaifinta ya gama tafiya, ba zai sake yawo a hannun masu shago ba.

Shekarar ce bankunan Amurka da na Turai suka riƙa durƙushewa ɗaya bayan ɗaya, gwamnatocinsu suna zuba musu kuɗi don kada su mutu. Baba ba shi da ko riyal ɗaya a can, shagon dabino da carbi yake da shi, amma ya ɗauki maganar kamar a aljihunsa aka ɗebi kuɗin. Kullum bayan Magariba amininsa yakan zo, wani Bahaushen Sudan mai gyaran famfo da muke kira Ammu, su zauna gaban talabijin da shayi mai na'a-na'a suna musu. Baba yakan ce bai taɓa ganin inda mutum zai kunna wa gari wuta, sannan a fara ba shi ruwan sanyi ya sha kafin a kashe gobarar ba. Ammu yakan ce masa ya Abu fulan, wato uban wane, ka yi hankali, katangar da ta yi tsayi in ta faɗi ba a kan mai ita kaɗai take faɗuwa ba, dole a tokare ta ko da kana jin haushin magininta. Baba ya ce to da itacen wa za a tokare? Ai da ƙofar talaka ne. Wata rana suna cikin haka na wuce a guje, Umma na biye da ni da murfin tukunyar da na lotsa, na shige bayan Kaka. Baba ya nuna mu da kofin shayi ya ce wa Ammu ga shi nan, ba sai an je Amurka ba, a gidan nan ma akwai banki akwai gwamnati. Daga ranar sunan ya bi mu: ni Banki, Kaka Gwamnati. Ni har daɗin sunan nake ji.

Bayan ƙaramar Sallah da kamar mako biyu, abokina ya zo yana haki ya ce ƙungiyar Turawan nan da muke so ta fitar da sabon albam, kuma mawaƙinsu na asali, wanda ya yi fushi shekaru da yawa, ya dawo. Ya sato faifan daga ƙarƙashin teburin wansa, kuma dole ya mayar kafin a buɗe shago bayan La'asar. Ni ba ni da abin kunna faifai, 'yar rikodar kunne ce da ni mai cin kaset, sai dai a kwafa. Rediyon falo yana iya kwafa daga faifai zuwa kaset. Na ruga baƙala, ɗan kantin bakin layi, in sayi sabon kaset, na tarar an ja ƙofa, an tafi salla. Nan ne ya kamata in bi sahun mutane zuwa masallaci. Maimakon haka na tuna da gwangwanin biskit. Kaka tana alwala, na shiga ɗakinta na zaro shi. Na ce a raina bari in ɗauki wanda ya fi kowanne tsufa, don shi ne ba a buƙata, masu gaisuwar cikinsa ma ƙila sun mutu. Akwai rubutun ajami a jikinsa da ya kusa gogewa, ban tsaya karantawa ba. Na saka shi na saurara kaɗan. Wani tsoho ne yake tari, yana gyaran murya, ya yi bisimilla. Na ce to, ina kwana ina gajiya za a fara. Na danna jan maɓalli, ya ƙi dannuwa. Abokina ya duba ya ce an karya 'yan haƙoran da ke saman kaset ɗin, ana yin haka ne don kada a yi kuskuren ɗaukar wani abu a kai. Wato wani mai hankali ya riga ya kafa mini shinge tun kafin a haife ni. Ni kuma na ɗauko salatif, na gutsura, na toshe ramin. Maɓalli ya dannu.

Mun cika gefe na farko, muka juya, na liƙa wa ɗaya ramin nasa salatif, muka ci gaba har albam ya ƙare. Kwana tara na yi ina yawo da shi a kunne, ina kaɗa kai a hanyar makaranta kamar ƙadangare. Sai ranar da matar yayana ta haifi 'ya mace, na ji Kaka tana ce wa Umma a goge rikoda, kwanan suna ya kusa. A nan na tuna ban taɓa duba abin da na goge ba. Na shiga banɗaki da kaset ɗin, na ƙura wa ajamin ido har na haɗa haruffan. Sunan mahaifinta ne, da kalmar ayari. Na zauna a bakin baho na yi lissafin ƙasashen da zan iya gudu zuwa da riyal bakwai. Daga ƙarshe na yi abin da matsorata suke yi: na lallaɓa na mayar da shi cikin gwangwani, ina addu'ar Allah ya sa a ɗauke wuta na shekara guda. Tsabar ruɗewa ko salatif ɗin ban cire ba.

Ana gobe suna, bayan La'asar, falo ya cika. Gwaggona ta zo daga Harra ta Yamma da 'ya'yanta, ga Ammu, ga yayana yana ta murmushi. Kaka ta zauna a tsakiya, ta buɗe gwangwani, ta lalubo kaset ɗin da hannu kamar yadda ta saba. Na ga yatsanta ya tsaya a samansa. Ya shafa, ya sake shafawa. Ta saka shi, Baba ya ce kowa ya yi shiru, ya ƙure murya don tsofaffi su ji. Ya danna. Jama'a, abin da ya fito daga rediyon nan ko ni da na haddace shi sai da na zabura. Gwaggo ta watsar da shayi tana a'uziyya. Ammu ya dafe hularsa. Jaririya ta tsala ihu daga ɗaki, ta haɗu da mawaƙin suka zama biyu. Yara suka fashe da dariya, ni ma saura kaɗan. Baba ya tura kaset gaba, jita. Ya sake turawa, ganga. Ya juya gefe na biyu, ihu. A nan dariyar ta mutu. Ya kashe rediyon. Bai tambayi kowa ba, ni ya juyo ya kalla, hannunsa ya nufi bel.

Kaka ta miƙa hannu ta ce a ba ta kaset ɗinta. Aka ba ta. Ta riƙe shi a cinya a ƙarƙashin mayafi, na ga hannunta yana motsi. Sannan ta ce wa Baba ya sauke idonsa daga kan yaro, ita ce. Ta ce kwanakin baya ta saka kaset ɗin don ta ji muryar mahaifinta, tana neman tashar Hausa a rediyo ta faɗa tashar kafirai, ta danna abin da ba ta gani ba, barci ya ɗauke ta. Baba ya ce Inna, hakan ba ya yiwuwa. Ta ce masa ita ta haife shi ko shi ya haife ta? Ta miƙa masa kaset ɗin ya duba, babu komai a jikinsa sai tsufa. Yayana ya karɓa, ya juya shi, ya shafa saman inda danƙo ya rage. Ya san rikoda, ya san abin da ramukan nan suke nufi. Ya kalle ni, ya kalli Kaka, ya ajiye. Da aka watse ya raɓo ni a ƙofa, ya ce mini a hankali, mabruk, barka, Gwamnati ta sake ceto Banki. Daga nan bai sake yi mini magana ba har tsawon wata biyu. Washegari aka raɗa wa yarinya sunan mahaifiyar uwarta. Ita ce ta farko a gidanmu da ba a samo sunanta daga ayari ba.

Na ɗauka na tsira, har na yi barci mai daɗi. Ban san cewa ceto ba kyauta ba ne, akwai wanda yake biya. Baba da Gwaggo suka zauna suka yanke shawara cewa tunda Kaka ta iya goge muryar mahaifinta da hannunta ba ta sani ba, to tsufa ya fara taɓa hankalinta. Aka ɗauke gwangwanin aka kulle a kabad ɗin Baba. Aka ɗauke rikodarta. Aka karɓi makullin ƙofar gida da take ɗaure da shi a bakin mayafi tun kafin a haifi Baba. Aka hana ta bin maƙwabta zuwa masallacin Harami da safe sai da rakiyar ɗan gida. Ƙaramin murhun gas da take dafa shayinta ma aka fitar. Wanda ya fi ciwo shi ne wankan jariri. Duk wanda aka haifa a zuri'armu, Kaka ce take yi masa wanka har a yi arba'in, ta gasa cibiya, ta miƙe masa gaɓoɓi tana yi masa kirari. Hannunta ya san aikin fiye da idon kowa. Wannan karon Gwaggo ta ce a'a, kada a je ta saki yarinya a ruwan zafi. Kullum da hantsi sai Kaka ta jawo kujera ta zauna a bakin ƙofar banɗaki tana sauraren ƙarar ruwa, tana cewa a tallafi ƙeya, a taɓa ruwan da gwiwar hannu. Su kuma su ce to Inna, to Inna, irin amsar da ake ba ƙaramin yaro.

Ni ina ganin duk wannan, na yi gum. Kullum ina ce wa kaina gobe. Wata rana na kai mata abinci, ta ce Banki, zo nan. Ta kama hannuna, ta ciro wani abu daga ƙullin mayafinta, inda makulli yake a da, ta liƙa mini a bayan hannu. Guntayen salatif biyu ne, har da shaidar haƙorina a gefe. Ta ce in adana kayana, ita ba ta ajiyar kayan mutane. Na fara kuka ina rantse-rantse, ta ce in yi mata shiru, ba ta tambaye ni komai ba. Abu ɗaya kawai take so ta sani: mutumin nan mai ihu, ciwo ne yake damunsa ko haka Allah ya yi shi? Na ce waƙa ce. Ta ce Allah ya ba shi lafiya. Sannan ta ce in tattara kwanon in fita, kuma kada in kuskura in faɗa wa ubana, don zuciyarsa irin ta kakansa ce.

Na yi mata biyayya har kwana talatin da wani abu, kuma ba don biyayya ba ne, don tsoro ne. Abin da ya karya ni musun Baba da Ammu ne. Ran nan talabijin ya nuna wasu shugabannin bankin da aka ceto suna fitowa daga taro cikin kwat, suna murmushi. Baba ya ce wa Ammu ya kalli fuskokinsu da kyau. Ya ce shi ba kuɗin ne yake ƙona masa rai ba, a'a, yadda ko ɗaya daga cikinsu bai sunkuyar da kai ba. Wata tsohuwa a can ta rasa gidanta, shi kuma wanda ya jawo yana gyara wuyan riga. Ammu ya ce ai wanda aka saba ɗauka ba ya sanin nauyin kansa. Ina tsaye da butar shayi. Daga inda nake ina hango Kaka ta ƙofar ɗakinta, tana zaune a gefen gado hannu biyu a cinya, babu rediyo, babu murhu, tana jiran wani ya tuna ya kai mata kofi. Na ajiye butar. Na je na ɗauko salatif ɗin daga cikin littafin lissafi, na ɗora a kan tire gaban Baba. Da Hausa na yi maganar, ban san dalili ba. Na ce ni ne.

Na shirya wa duka, har na zaɓi gefen da zan juya. Baba bai taɓa bel ba. Ya kashe talabijin, ya daɗe yana kallon tiren. Sannan ya ce in faɗa masa su waye masu ihun. Ya daka mini tsawa ya ce in lissafa su. Na fara: na albam na farko, wanda ya fita, wanda ya maye gurbinsa, mai gangar da aka kora, ƙanen mai jita. Mutum goma sha ɗaya na jero ba tare da tuntuɓe ba, har da shekarun shigarsu. Ya ce madalla. Yanzu in faɗa masa mutum uku daga ayarin kakansa. Na buɗe baki, babu komai a ciki. Ya ce to ɗaya. Ya ce in faɗi wanda aka sa mini sunansa, wane ne shi, a ina ya kwanta. Ban sani ba. Ammu ya tashi ya nemi takalmansa, ya fita ko sallama bai yi ba. Baba ya ce shi ma da laifinsa, shekara arba'in yana jin kaset ɗin yana cewa ai yana nan, bai taɓa ɗaukar biro ba. Ya tashi ya buɗe kabad, ya ɗauko gwangwani da makulli, ya shiga ɗakin Kaka ya durƙusa. Ban taɓa jin Baba yana kuka ba sai ranar. Ita kuwa ta ɗaga murya ta ce ina munafukin yaron nan, wa ya aike shi? Amma ta karɓi makullinta, ta ɗaure a bakin mayafi tun kafin ya gama ba ta haƙuri. An riga an yi arba'in da kwana biyu. Wankan ya wuce ta.

Hukuncina shi ne kullum bayan La'asar in zauna gabanta da littafi da biro in rubuta duk abin da ta tuna. Da haka na koyi rubuta Hausa, wani maƙwabcinmu ɗan Nijar yana gyara mini ƙa da ɗa. Sunayen da aka riga aka raɗa wa 'yan gidanmu ba su ba mu wuya ba, masu su suna yawo a gabanmu. Sauran da suke jiran a haifi masu ɗaukarsu ne suka zama aiki. Wata rana ta tuna ɗaya tana tsakiyar cin tuwo, ta ƙwala mini kira in zo da gudu. Wata rana mu yi awa guda tana cewa akwai wata mata da ta haihu a gindin bishiya ta goya ta ci gaba da tafiya, sunan yana bakinta, yana bakinta, har a kira Magariba bai fito ba. Ta ce sunanta ne ta so a sa wa 'yar yayana. A zaman nan ne na ji labarin mai sunana. Shi ne ya goyi mahaifin Kaka kwana uku lokacin da ƙafarsa ta kumbura, kuma ya rasu a bakin teku yana kallon jirgin da zai tsallaka da su. Shekara goma sha shida ina amsa sunan mutumin, ban taɓa tambayar ko wane ne ba.

Ban rubuto wannan don in ce kiɗa ne ya cuce ni ba. Mai jita bai shigo ɗakin Kaka ba, ni na shiga. Abin da nake so sa'o'ina su ji, musamman mu da aka haifa nesa da gida, shi ne duk abin da ka tarar an kafa masa shinge, ka tambayi dalili kafin ka nemo salatif. In akwai gwangwani irin wannan a gidanku, ku kwafe shi yau, ku rubuta abin da ke ciki, ku zauna da tsofaffinku tun bakinsu yana motsi. Kuma duk wanda yake da mai tare masa faɗa a gida, uwa ko kaka ko yaya, ya sani ba da iska take biya masa ba. Daga jikinta ake yanka. Ni na yi kwana talatin da wani abu ina kallon ana yanka, ina cin abincina, kuma wannan ya fi danna maɓallin muni.

Kaka ta rasu bayan aikin Hajjin shekarar da ta biyo, ba a sake haihuwa a gidanmu tana raye ba. Littafin yana wurin Baba, akwai suna goma sha bakwai a ciki daga cikin ashirin da shida. Tara ɗin babu wanda ya san su. Ƙungiyar kuma na ji mawaƙin ya sake yin fushi ya fita. Kaset ɗin yana cikin akwatina. Albam ɗin bai cika gefe na biyu ba, saura kamar minti uku. In jitar ƙarshe ta yi shiru, sai a ji ƙara kaɗan, sannan muryar tsohon ta fito a tsakiyar magana. Ya riga ya gama lissafa mutane, addu'a yake yi, yana cewa Allah ya shirya zuri'ar da za ta zo bayansa. Daga nan sai ya yi tari, kaset ya ƙare.